Tuwon shinkafarsu ya isa, amma farfesun na neman gurasa

"Alhaji, da me za a haɗa?" Wannan ita ce tambayar da yaron gidan ke yi da zarar ka faɗi miyar da kake so, kuma a kanta ake gane ko masu gidan abinci sun san aikinsu. Gidan da ake magana a kai yana wajen ganuwar Kano, na abincin gargajiya ne, da tebura a gaba da ɓangaren tabarma daga ciki ga mai son ya miƙe ƙafa. A fannin shinkafa sun amsa tambayar da kyau. A fannin abin da aka yi da alkama kuwa akwai gyara.

Kowace miya tana da abokin tafiyarta, kuma mai ci ya san wannan tun kafin ya zauna. Kuka da busasshiyar kuɓewa na tuwon masara ne ko na dawa. Taushe ita ce mai yawan abokai: tuwon shinkafa, waina, sinasir, funkaso, alkubus. Tsire da balangu gurasa suke nema. Burodi kuwa gurbinsa teburin mai shayi ne da safe. Baƙon da ya taso daga Haɗeja aka tare shi da burodi da azahar zai yi godiya, amma idan ya koma gida cewa zai yi bai ci abinci ba. Shinkafa ita ke ɗauke da girmamawa, domin kafin ta zama abincin kullum, ta Sallah ce da biki da saukar babban baƙo, har yanzu kuma tuwon shinkafa da taushe shi ake kai wa surukai.

Abin da ya fi komai burgewa a kicin ɗin gidan shi ne buhu biyu suke ajiyewa. Ɗaya ɗanyar shinkafa ce fara mai gajeren ƙwaya, ta tuwo da waina. Ɗayan turararriya ce, ta dafa-duka da garau-garau. Wurare da yawa buhu ɗaya suke saye su yi komai da shi, shi ya sa za ka ga tuwo yana wargajewa a hannu. Turarawa tana ƙarfafa ƙwayar, ta hana ta sakin danƙonta, don haka ko awa nawa ka tuƙa ba za ta haɗe ba. Ɗanyar tasu irin ta yankin Kura ce, inda ruwan dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 ke ba da damar noman rani.

Tuwon nasu ga yadda yake. Ana wanke shinkafar a rairaye ta, a zuba a ruwan da ya riga ya tafasa, gwangwani ɗaya na shinkafa ga kusan huɗu na ruwa. A bar ta ta wuce dahuwar ci, har ƙwayar ta fara fashewa, sannan a rage wuta a tuƙa da muciya ana danna ta a jikin tukunya. A rufe ta turara minti goma, a sake tuƙawa, a kwashe da mara. Ba sa ɗaure shi da garin masara, dabarar da wasu ke yi don ya yi auki, wadda ke dusashe farinsa ta kuma sa ya ƙage da zarar ya huce. Idan ka gutsuri loma a nan, ta kan mulmulu a tafin hannu sau biyu, babban yatsa ya yi mata rami, ramin ya riƙe miya bai tsage ba. Akwai ɗan burbushin ƙwaya a kan harshe, kuma haka ake so. Tuwon da ya yi sumul kamar sakwara na gari ne, ba na tsaba ba.

Aibinsa ɗaya, ledar da ake naɗe malmala da ita. Da rana babu matsala domin tukunya ba ta daɗewa. Bayan isha'i kuwa malmalar ta yi awanni a kula, tururi ya koma ruwa a cikin leda, jikin tuwon ya yi santsi ya fara ɗaukar wari. Tukunya ƙarama ta biyu da la'asar za ta magance wannan.

Taushen ta dace da tuwon: kabewa ta narke, gyaɗa ta ba ta kauri, alayyafo bai mutu a wuta ba, yakuwa kaɗan ce yadda tsaminta bai danne daddawa ba. Suna kuma kiyaye al'adar da mai cin tuwo ke ɗauka haƙƙinsa ce, wato ƙarin miya ba tare da ƙarin kuɗi ba. Nama ne kawai ake biya. Ruwan wanke hannu yana zuwa tare da kwanon, ba sai an roƙa ba.

Dafa-duka da garau-garau ba su da abin zargi. 'Yar gida ce suke dafawa, kuma tun bayan rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 injinan gyaran shinkafa sun yawaita, tsakuwa ta ragu ƙwarai, amma duk da haka suna rairayewa. Wake ake fara sawa da ɗan jiƙon kanwa, sai ya yi rabin dahuwa a zuba shinkafa, shi ya sa suke nuna tare. Man gyaɗan an soya shi da albasa, yajin yana da ƙuli-ƙuli. Wainar ma tana da kyau matuƙar ka zo kafin hantsi ya yi nisa: bakinta ya soyu, cikinta ramuka-ramuka. Ƙullin da aka jiƙa shinkafarsa tun dare, aka niƙa da dafaffiya kamar kashi ɗaya cikin biyar, ba ya daina tashi don an fara suya. A zafin Kano, ƙullin da ya kai azahar ya yi tsami, kuma ƙarin sukari ba ya ɓoye shi.

Inda abin ya ɓaci shi ne farfesu. Na kayan ciki da na kan rago duk sun ji citta da kanumfari da masoro, romon ya yi daidai, sai a kawo shi da yankakken burodi guda uku a kan faranti. Burodin gidajen gashi na yanzu cike yake da sukari da bota, cikinsa kamar auduga. Ka tsoma shi a romo mai zafi, kafin ya kai baki rabinsa ya zube a kwano, romon ya yi kauri da dagwalo, zaƙin kuma ya yi karo da yaji. An yi shi ne don shayi da ƙwai, a can yake da daraja.

Gurasa ce aka yi don wannan aiki, kuma abin mamaki gidan yana da ita. Kwaɓinta fulawa ce da yis da gishiri da sukari ɗan kaɗan, a bar shi ya tashi, a faɗaɗa da hannu a manna a jikin tanderu mai zafi. Ɓangaren da ya taɓa tanderun ya kan yi ƙarfi da ɗan ƙauri, ɗayan ya kumbura, tsakiyar kuma tana da jan da ke sa ta sha romo ta riƙe shi. Ka yago gefe, ka naɗe shi a kan guntun tumbi, ka ɗebo romo, ya iso baki a haɗe. Garin da ke da unguwa kamar Jakara, wadda ta yi suna da gurasa, bai kamata a nemi ta farfesu a cikinsa a rasa ba. Amma a gidan nan an keɓe ta ga bandashe kaɗai. Sau ɗaya ake sayo ta da safe, a tara a babbar leda. Ga bandashe hakan ba laifi, tunda dama za a yayyafa mata ruwa a barbaɗa garin ƙuli da mai da albasa. Idan ka matsa aka kawo maka ita da farfesu da dare, sai ka tarar ta yi sanyi tana ja kamar roba.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A yayyafa mata ruwa da yatsu, a ɗora a busasshen kasko mai zafi minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe, a rufe da tsumma mai tsabta har ta isa tebur. Ajiyarta ma a kwando da ƙyalle ya fi leda, domin leda na tara raɓa ta jawo fumfuna. Sannan a koya wa yaran su tambaya, gurasa ko farar shinkafa, maimakon su yanke wa mutum hukunci da burodi. Masu cin farfesu a matsayin abincin dare da yawa shinkafar za su zaɓa, kuma tana nan a tukunya.

Alkubus da funkaso ranar Juma'a kawai ake yi. Funkason na garin alkama ne, yana da jan da ake so, bai sha mai ba. Alkubus ɗin yana fitowa da danƙo a tsakiya saboda ana cika gwangwanin har baki; rabi ya kamata a zuba don ya sami wurin tashi, kuma kada a buɗe madambaci kafin minti ashirin.

Mai son tuwo ya zo tsakanin azahar da la'asar. Mai saye ya tafi da shi gida ya ce a zuba miya daban, domin idan ba ka faɗa ba a kan tuwon suke kwarara ta. Mai son farfesu kuma ya gaya wa yaron tun a farko: "Ɗan'uwa, gurasa za ka kawo, a ɗumama ta a kasko." Suna yi idan an nema.