Likitan da na tarar yana kwasar kashin doki a Birmingham

Duk wanda ya kira ni daga Maradi, tambayarshi ba ta wuce biyu: nawa ake biyan aikin awa ɗaya, kuma nawa ake sayar da tsohuwar waya. Babu mai tambayar yadda mutanen nan suke zaman unguwa. To yau shi zan ba ku, ko kun tambaya ko ba ku tambaya ba, don akwai abin da na gani lokacin sanyin da ya wuce wanda har yanzu ya ƙi barin raina.

Aikina a wani babban asibiti ne, ina tura gadajen marasa lafiya daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin hoto ko na tiyata. Wani abokin aikina ɗan Gana ya ga tumbi ya fara fito mini, ga shi an ce in yi hattara da hawan jini, sai ya ce in biyo shi wajen masu gudu da yamma. Na ce mishi ni ba ni da kuɗin gidan motsa jiki. Mafi arha sai ka ajiye wajen fam ashirin duk wata, kusan jika goma sha biyar ke nan, don kawai ka je ka ɗaga ƙarfe ka mayar da shi inda ka ɗauko shi. Ya yi dariya ya ce wannan ba a tilasta wa kowa biya, in dai zo da takalmi.

Sunan ƙungiyar GoodGym, jajayen riguna suke sawa. Wani Bature mai suna Ivo Gormley ya kafa ta a 2009 a Tower Hamlets da ke gabashin Landan, bisa tunanin cewa ƙarfin da mutane ke zubarwa a banza a gidajen motsa jiki akwai masu bukatarshi a waje. Yanzu ta bazu a garuruwa da unguwanni sama da 50 a Birtaniya. Ana haɗuwa da yamma bayan an tashi daga aiki, a ɗan miƙe jijiyoyi, a ruga kilomita biyu ko uku zuwa wani wuri mai bukatar hannu, ko garkar unguwa, ko filin makaranta, ko ɗakin da ake tara abinci don mabukata. A yi aiki kamar rabin awa zuwa minti arba'in, a rugo a dawo. Kullum akwai mutum ɗaya da aikinshi shi ne ya tsaya a can baya tare da wanda ya fi kowa nawa, don kada a bar kowa a hanya. Ni da wannan mutumin mun saba sosai.

Ranar da nake ba ku labari a watan Disamba ne, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Kowa da 'yar fitila ɗaure a goshi. Muka isa wata garka a bayan wata makarantar yara, muka tarar mota ta juye tulin kashin doki a bakin ƙofa, yana ta tururi cikin sanyin nan. Aikinmu mu kwashe shi zuwa fangalolin da ke can ƙarshen garkar kafin lokaci ya cika. Aka raba mu, wasu shebur, wasu baro. Ni baro na samu. Mai cika mini wani dattijo ne mai furfura, taɓo har gwiwa, gilashin idonshi ya yi hazo, yana aiki yana nishi. Sai da ya ɗago kai fitilata ta haske fuskarshi, gabana ya faɗi. Babban likitan tiyata ne na asibitin da nake aiki, mutumin da in ya taho ƙananan likitoci ke bin bayanshi da takardu, ni kuwa in raɓe da gadona jikin bango in ba shi hanya.

Na ce, "Likita, kai ne?" Na miƙa hannu zan karɓi shebur ɗin. Ya janye abinshi, ya faɗa mini sunanshi na yanka, ya ce a nan da shi ake kiranshi, kuma in matso da baron kusa don bayanshi ya fara tsufa. Can kuma mai jagorantar mu, yarinya ce da a haife ya haife ta, ta leƙo ta ce mishi ya zuba taki a fangalin da aka riga aka shuka tafarnuwa, sai a kwashe. Ina jira in ga ranshi ya ɓaci. Ya ce ta yi haƙuri, ya duƙa ya kwashe da hannu, safar hannunshi ta yi baƙi ƙirin. Ba mai ɗaukar shi hoto, ba wanda ya ce sannu da ƙoƙari ranka ya daɗe. Da lokaci ya cika aka ƙirga shebur da baro aka mayar cikin 'yar rumfar katako, aka kulle, muka rugo. Ya ma riga ni isowa.

Kashin dabba ba baƙonmu ba ne. Wane ɗan Maradi ne bai taɓa bin amalanken taki zuwa gona ba? Wanda ya riƙe shebur ɗin ne ya hana ni barci. Na kwanta ina lissafa manyan unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda zan iya cewa na taɓa gani da tsintsiya a ƙofar gidanshi. Alhajin da ya kai mota uku, kwatar gidanshi ce ke malalowa kan hanya, shi kuwa ya ɗage babbar riga ya tsallake, in abin ya dame shi ya kira almajiri ya ba shi dala ashirin. Ma'aikacin da aka ba ƙaramin ofis jiya, yau jakarshi ma sai an ɗaukar mishi. Mun mayar da aikin hannu alamar rashin samu, har yaro ɗan lakwal na jin kunyar a gan shi da fartanya. Ranar 3 ga Agusta kuwa, ranar dashen itace, kowa ya san yadda ake yi: manya su zo cikin shadda, a riga an haƙa musu ramin, a miƙa musu dashen, a zuba musu ruwa su wanke hannu, a tafa. Bayan sati biyu akuya ta gama da shi, baɗi a dawo wuri ɗaya a sake haƙa rami.

Da na ba Inna labari ta waya, ba likitan ne ya dame ta ba. Cewa ta yi, "Gudu? Da girmanka? Wa ya biyo ka?" Na ce ba kowa, Inna, don lafiya ne. Ta ce Allah ya sawwaƙe, in dai riƙa addu'a. Ban ga laifinta ba. A garinmu in ba soja ba ne kai, ko ɗan ƙwallo, ko ɗan kokawa mai shirin neman takobi, ka fito da gajeren wando kana gudu cikin Bagalam ko Sabon Gari, kafin ka kai kwana yara sun bi ka, wani ma ya ɗauki dutse yana tambayar me ka sata. Mace kuwa ba a ma maganarta, alhali a ƙungiyar nan matan sun fi mu yawa, har da masu lulluɓi 'yan Pakistan da Somaliya, kuma ba wanda ya kalle su sau biyu. Ga ciwon suga da hawan jini suna ta cin iyayenmu da yayyenmu, daga mota sai kabu-kabu, daga kabu-kabu sai tabarma.

Abin haushin shi ne ba Turawa ne za su koya mana aikin gayya ba. Da shi kakanninmu suka yi noma suka yi jinka. Waɗanda suka yi wayo zamanin Seyni Kountché suna ba da labarin samariya, yadda matasan unguwa ke fitowa da ganga su share gari, su gina ajin makaranta. Yanzu fa? Kowace kwana akwai fada, samari goma sha suna zaune daga la'asar har tsakar dare a kan butar shayi ɗaya, kwata cike da leda a gabansu tana wari. Ka ce a tashi a yashe ta, tambayar farko ita ce wane furoje ne ya kawo aikin, kuma nawa ne kuɗin zama. In ba riga da hula mai tambari, ba mai motsawa. Tun 2014 aka yi dokar hana leda a Nijar, amma je ka sayi tumatir na dala goma ka ga ko ba a leda biyu za a ƙulla maka ba. Da ruwan 2024 ya zo, Maradi na cikin inda ya fi yi wa ɓarna, gidaje suka faɗi, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Ruwa na Allah ne, amma magudanar da muka cika da shara da hannunmu ba za mu ce ƙaddara ce ta toshe ta ba.

Kuma wannan ciwon na 'yan birni ne. Mutanen karkararmu sun nuna wa duniya abin da hannu ke iyawa. Sassabin zamani da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗawa a jihar Maradi a 1983, ba wani abu ba ne illa manomi ya bar tohon kututture ya gyara shi ya tashi. Da wuƙa da gatari talakawa suka mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar. A nan Ingila na haɗu da wata mai aikin garka da ta san sunan Maradi saboda wannan, ni da na fito daga garin ban taɓa ba abin muhimmanci ba.

Kada ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Ƙungiyar nan tana da wani ɓangaren aiki, na zuwa gidajen tsofaffi, kuma shi ne ya sanyaya mini jiki. Kafin a bar ka ka shiga gidan tsoho sai an bincike ka, an fito maka da takardar shaidar rashin laifi irin wadda muke karɓowa a jastis, ka yi wani ɗan karatu ta intanet, ka jira makonni. Duk don ka je ka datse wa tsohuwa ciyawa. Da takardata ta fito aka tura mu mu biyu gidan wata tsohuwa da ta haura tamanin. An sallamo ta daga asibiti, bayan gidanta ya zama daji, ƙaya ta rufe hanyar da take bi da sandarta. Akwai wata ciyawa a ƙasar nan mai ganye kore shar, ba ka ganin ƙaya a jikinta, amma in ta taɓa fatarka kamar ka tura hannu gidan rina. Ta same ni a wuyan hannu, inda safa ta ƙare, ya yi ruɗu-ruɗu har dare. Tsohuwar tana tsaye bakin taga tana kallon mu. Da muka gama ta kawo shayi da biskit, ta riƙe mu da hira, ta nuna mana hoton mijinta da na jikokinta. Ɗanta yana wani gari da bai fi tafiyar awa biyu ba, sai lokacin Kirsimeti yake zuwa. Ta ce rabonta da ta zauna hira da mutum tun satin da ya wuce.

A ƙasar nan kaɗaici ya kai inda a 2018 gwamnatin Theresa May ta naɗa minista musamman don shi. Akwai 'yan ƙungiyar da aikinsu kawai su ruga gidan wani tsoho duk sati su zauna da shi su yi hira. Na tuna kakata a Maradawa, wadda in ta ce tana son ta kwanta sai an kori jikoki da maƙwabta daga ɗakinta, mai kawo fura daban, mai zuwa gaisuwa daban. Ranar na yi kewar gida ƙwarai. Maƙwabcina na nan, bango ɗaya ya raba mu, har yau gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga kai.

Tsabtar tasu ma da kuɗi ake sayen ta. Harajin gida kawai ya haura fam ɗari a wata, sama da jika saba'in, kuma da masu kwashe shara suka shiga yajin aiki a Birmingham a 2025, an ƙiyasta tan 17,000 na shara jibge a tituna, ɓeraye suna yawo da rana tsaka. Filin garka kuwa, irin ƙananan da hukumar gari ke bayarwa haya, sai ka rubuta suna ka jira, wani wurin shekaru. Na rubuta nawa don kuɓewa, tunda 'yar ledar da ba ta isa miyar mutum biyu ba kusan fam biyu ce, kuma ba ta da yauƙi. Aka ce mini kuɓewa ba ta yi a waje sai cikin ɗakin gilashi, zogale kuwa sanyin farko zai kashe shi. Ku da garakan Jiratawa ke bayan gidanku, ku gode wa Allah.

Yanzu ga maganar da ta sa na yi wannan dogon rubutu. Yaya, na san za a karanta maka. Ƙarshen wata zan aiko da kuɗin shebur shida, manjagara huɗu da baro biyu, a ajiye su a zauren gidanmu. Samarin fadar ƙofar gida su zaɓi rana ɗaya a sati, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, su zaga unguwa da gudu ko da sassarfa, su ƙare a kan kwatar da ta bi ta gaban masallaci, rabin awa kawai su tashi. Ba na son a kafa ƙungiya, ba shugaba, ba ma'aji, ba a buga riga. Sharaɗina ɗaya ne, kuma a kanka yake: ranar farko kai za ka fara shiga kwatar da shebur, da furfurarka da muƙaminka, a gaban yaran. In ka ce girmanka ya wuce nan, ka faɗa mini tun yanzu in saya wa Inna buhun shinkafa da kuɗin.