Gargaɗi: ya karɓi N340,000, ya raba Baba da maganin asibiti, yanzu idon hagu ya tafi

Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, kunya ta hana ni sakewa. Yau da asuba na tsaya ina kallon Baba yana laluben buta da ƙafa a tsakar gidan da shi ya gina da hannunsa, sai na ce ko me za a faɗa a kaina a faɗa.

Naira dubu ɗari uku da arba'in. N340,000. Abin da na zuba wa wani mutum ke nan mai kiran kansa Dakta, wanda ke talla a Facebook da TikTok wai yana warkar da kowace irin matsalar ido ba tare da tiyata ba: yana, hakiya, dundumi, hawan jinin ido, dukkansu da kwalba ɗaya. Ba zan kama sunansa ba tukuna, lauyan da ke taimaka mini ya ce in dakata har a shigar da ƙara. Kuma sunan da yake amfani da shi daban, sunan da ke kan asusun da na tura kuɗin daban. Rasit ɗin tiransifa huɗu duk suna wayata, da hotunan hirarmu ta WhatsApp tun daga sallamar farko. Zan sa su, wallahi zan sa su.

Shekara uku da suka wuce aka gano Baba yana da hawan jinin ido, abin da likitoci ke kira gilakoma. Yaya ce ta kai shi asibiti a lokacin, ni ina wurin aiki. Aka ɗora shi a kan maganin ɗigawa, timolol, safe da dare. Shekara uku muna saye duk wata, shekara uku yana ɗigawa yana cewa yana yi masa zafi, kuma ganin bai ƙaru ko kaɗan ba. Kullum maganarsa ita ce, wannan magani sai ci da kuɗi, ba ya ƙara komai. Ku sa kanku a matsayina. Mahaifinka yana ƙorafi shekara uku, sai ka ga bidiyon tsofaffi suna rantsuwa da Allah cewa sun warke. Me za ka yi?

Ni ba yaro ba ne, kuma ban shiga da ka ba. Shekara goma sha huɗu ina koyarwa a sakandare. Na tambayi mutumin lambar rajistar maganin ta hukumar NAFDAC, ya ɗauki hoton kwalin ya turo mini, ga lamba a jiki. Na ce sai na ga wurin da idona kafin in biya ko sisi, ya ce bismillah. Na je na ga shago mai fenti, ga benci cike da dattawa, ga takardun shaida a bango cikin gilashi, ga shi sanye da farar riga. Duk abin da mai hankali zai duba na duba. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban bincika ko lambar nan ta wannan maganin ce ba. Lamba na gani na yarda.

Ranar da na kai Baba, Asabar ce. Mutumin ya taso da kansa ya tare mu a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Ya ce kuɗin gwaji dubu ashirin ne, amma saboda girman Baba mu ba da dubu goma sha biyar. Ya miƙa wa Baba wani ƙarfe kamar mariƙin tocila, da waya da ta shiga jikin kwamfuta, ya ce ya riƙe a tafin hannu kada ya yi magana. Minti ɗaya bai cika ba allon ya cika da rubutu da jan layi da kore. Ya daɗe yana kallo yana girgiza kai. Sai ya juyo a hankali ya ce, "Baba, kana iya karatun Alƙur'aninka, amma abin da ke gefe ba ka ganinsa, kana yawan tuntuɓe da buta, kafaɗarka tana bugun ƙyauren ɗaki. Haka ne?"

Baba ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Kai, yaron nan ya san aikinsa."

Wannan kallon da Baba ya yi mini shi ne ya hana ni barci har yau. A nan na miƙa wuya. A nan, a kan wannan benci. Na ce a raina na'urar nan ta ga abin da asibiti ba su gani ba. Sai bayan komai ya lalace, ina bin hirarmu ta WhatsApp daga sama don in tara hujja, na ci karo da saƙon da ni da kaina na tura masa kwana huɗu kafin mu je. Ni na rubuta masa maganar buta. Ni na rubuta masa maganar ƙyaure, har da karatun Alƙur'anin. Maganata ya haddace ya maido mini a gaban mahaifina, ya ce kwamfuta ce ta faɗa. Na karanta saƙon nan ya fi sau hamsin.

Kuma duk zamanmu a wurin bai duba cikin idon Baba ba. Ko tocila bai haska ba. Mai maganin ido, bai kalli ido ba. Tafin hannu ya gwada.

Ya ce ba hawan jinin ido ba ne, asibiti sun yi kuskure, wai yana ce ta kwanta a bayan ido, kuma maganin da suke ba shi ne ke ƙara daskarar da ita. "Yallaɓai, ku ajiye wancan gaba ɗaya, in aka haɗa da nawa ba zai yi aiki ba." Kashin farko N120,000: ƙananan kwalabe uku na ɗigawa, da wani gari da ake damawa da zuma. Kuɗin adashina ne, kwasata ce ta watan, da niyyar gyaran rufin ɗaki na yi zubin. Na tura nan take a gabansa, ya ga alat ya yi mana addu'a mai tsawo.

Ku tsaya, na tsallake wani abu. Tun a daren Yaya ta kira ni ta ce kada in kuskura in raba Baba da maganin asibiti. Na ce mata, "Yaya, shekara uku me ya yi masa?" Ta yi shiru. Ba ta da amsa a lokacin, ni kuma na ɗauka na yi nasara. Amsar tana nan, ni ne ban je asibitin na ji ta ba: maganin hawan jinin ido ba a yi shi don ya dawo da gani ba, aikinsa ya tsare wanda ya rage. Shekara ukun nan da ganin Baba ya tsaya wuri ɗaya, aikin maganin ke nan. Abin da muke kira rashin amfani shi ne amfaninsa.

Sati biyu na farko kuwa sai murna. Jan idon ya washe, zafin ya tafi, Baba ya ce idonsa ya yi sanyi rabon da ya ji haka tun da daɗewa. Mutumin ya ce in sa Baba ya yi masa saƙon murya don ya ji daɗi. Baba ya yi, ya sa masa albarka, ya ce Allah ya ƙara basira. Wannan muryar yanzu tana yawo a tallansa. In kun ji wani dattijo yana cewa "idona ya yi sanyi, Allah ya yi maka albarka," mahaifina ne, kuma a sati na biyu aka ɗauka. Ku zo ku ga idon yanzu.

Kashi na biyu, wata N120,000. Wannan kam bashi na ci a ƙungiyar malamai, har yanzu ana cira a albashina. A wata na uku Baba ya fara cewa yana ganin kamar hazo, da dare kuma in ya kalli ƙwan fitila sai ya ga zobe kewaye da shi. Na kira mutumin, ya ce alhamdu lillahi, yanar ce ke narkewa, sai an ƙara da na musamman mai wanke ragowar, N85,000. Na biya. Dubu sha biyar, dubu ɗari da ashirin, dubu ɗari da ashirin, dubu tamanin da biyar. N340,000. Kowace naira da guminta.

Wata huɗu cif Baba bai ɗiga timolol ba. Ranar da abin ya fito fili, jikarsa ce ta miƙa masa kofin shayi ta gefen hagu, ta tsaya tana riƙe da shi, bai san tana wurin ba. Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya jima, ya ce, "Duhu ne."

Washegari muka tafi asibitin ido. A nan na ga yadda ake gwajin ido na gaskiya, kuma da na taɓa raka shi ko sau ɗaya a shekara ukun nan, da ƙarfen tafin hannu bai ruɗe ni ba. Aka sa shi karanta haruffan allo, ido ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗiga masa maganin kashe zafi, aka taɓa ƙwayar idon da ɗan abin awo don a ga ƙarfin matsin ruwan da ke ciki. Likitar ta ce na mai lafiya yakan tsaya tsakanin 10 zuwa 21. Na Baba, dama 38, hagu 46. A katinsa na baya, lokacin da yake kan magani, 17 da 18 aka rubuta. Ta sa ya ɗora haɓa a kan na'ura ta haska can cikin idon ta duba jijiyar gani. Aka kai shi wani ɗaki ya leƙa cikin wani abu kamar ƙwarya, aka ba shi maɓalli ya danna duk lokacin da ya ga ɗigon haske. Da idon hagu bai danna ko sau ɗaya ba. Ina tsaye a bayansa ina jiran in ji ƙarar maɓallin nan.

Ta yi mini bayani, ba ta yi mini faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ido yana samar da ruwa a cikinsa kullum, ruwan kuma yana da hanyar fita. In hanyar ta ƙi, matsi ya taru, sai ya riƙa cin jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa, daga gefe yake farawa, ba ciwo ba alama, shi ya sa mutum zai iya karatu alhali rabin ganinsa ya tafi. Jijiyar da ta mutu kuma ba ta dawowa, ba da magani ba, ba da tiyata ba. Yana daban ce: ita ana cire ta da aiki a sa wani gilashi a madadinta mutum ya koma gani, kuma babu wani maganin ɗigawa da ke narkar da ita. Baba yana da 'yar yana kaɗan irin ta tsufa, amma ba ita ce ta kashe idon ba.

Ta ce in nuna mata abin da yake ɗigawa. Na ciro kwalbar daga aljihu. Ta juya ta, ta sa farce a gefen takardar da aka manna mai hoton ganye da rubutun Larabci, ta ɓare. A ƙarƙashi akwai wata takardar, ta asali. Dexamethasone. Maganin kumburi ne da ake samu a kemis, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Shi ya sa jan ido ya washe, shi ya sa aka ji sanyi. Kuma irin wannan magani, in aka daɗe ana ɗigawa, yana ƙara hawan matsin ido, musamman ga mai gilakoma. Wato ya ƙwace wanda ke sauke matsin, ya ba mu wanda ke ɗaga shi, ya karɓi N340,000. Da hannuna nake ɗiga wa Baba, sau uku a rana, ina cewa bismillah.

Na koma shagon, a kulle. Mai gidan ya ce haya ta wata shida ya biya kuma ya kwashe kayansa da dare. Ya toshe ni a WhatsApp, a'a, toshewar ma tun kafin in je shagon ne, tun ranar da na tura masa hoton kwalbar da aka ɓare. Shafin nasa yana nan, ya canza suna, yanzu maganin ciwon suga yake tallatawa da wannan na'urar dai. Masu suga kuma su ma cutar tana taɓa musu bayan ido, su ma awon asibiti suke buƙata, ga wanda zai ce su ajiye magani.

Tun daga ranar nake karance-karance da dare. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yana ce kan gaba wajen makantar da mutane, hawan jinin ido na biye da ita, kuma a cikin 'yan shekara 40 zuwa sama kusan mutum 5 cikin 100 suna da shi, mafi yawansu ba su sani ba. Dattawan da na gani a kan bencin nan, nawa ne a cikinsu irin Baba? Su wa ya ɓare musu takarda?

Kada ku daina maganin asibiti don wani ya ce. Duk wanda bai auna matsin ido ba, bai duba jijiya ba, bai gwada ido ba. In a gidanku akwai mai hawan jinin ido ku je a auna ku, yana bin jini, mu ma duk an ce mu zo. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, akwai sashen ido a asibitocin koyarwa. Shi ke nan.

An mayar da Baba kan timolol, an ƙara masa wani na dare, ana maganar yi wa idon dama aiki a buɗe wa ruwan hanya don a tsare ɗan abin da ya rage. Bai taɓa ce mini komai ba sai "ƙaddara ce, ka daina damun kanka." Yaya ma ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ni ne dai nake komawa kan bencin nan, yana cewa buta, yana cewa ƙyaure, Baba yana ɗagowa yana dubana da ido biyu. Ido biyu yake da su ranar.

Hotunan rasit da hirar da kwalbar suna zuwa da zarar lauya ya ba ni dama. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙarfen nan a tafin hannu ya biya kuɗi, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, kuma kada ya yar da kwalbar.