Kwas ɗin Gyaran Jirgin Sama a Kwalejin Zariya: Tushe Mai Ƙwari, Amma Tafiyar da Sauranta

Idan aka ambaci Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya da ke Palladan a Zariya, hankalin yawancin iyaye yakan tafi ne kan tuƙin jirgi, alhali sashen koyar da gyaran jirgi, a ganina, shi ne ya fi dacewa da ɗan mai ƙaramin ƙarfi, domin kuɗinsa bai kama ƙafar na tuƙi ba. An kafa kwalejin a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO.

Karatun ya kasu gida biyu: akwai masu ƙwarewa a gangar jikin jirgi da injinsa, akwai kuma masu kula da na'urorin lantarki da na sadarwa da ke gaban matuƙi. Mai neman shiga sai ya zo da sakamako mai kyau a Turanci da Lissafi da Fiziks, kuma kada a raina Turancin, tunda duk littattafan gyara da shi aka rubuta su.

Babban abin yabon shi ne kwalejin tana da filin jirginta da ƙananan jiragenta na horo, irin su Diamond DA40 da DA42, saboda haka ɗalibi yana taɓa jirgin da ke tashi da gaske. A nan yake koyon cewa ba a ɗaure noti da ƙiyasi kamar a garejin mota. Akwai sifana mai awo da ke nuna iyakar ƙarfin da littafi ya ƙayyade, sannan a zarga siririyar waya a murɗe ta don kada girgiza ta kwance shi. Idan an tashi aiki sai an ƙirga kayan aiki ɗaya bayan ɗaya, domin sifana guda da aka manta cikin inji tana iya salwantar da rayuka. Wannan tarbiyya ita ce ta fi komai daraja a kwas ɗin.

Sai dai ya kamata iyaye su sani tun da wuri cewa takardar kammala makaranta ba ita ce lasisi ba. Lasisin injiniya yana hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, kuma ba ta bayar da shi sai mutum ya ci jarrabawarta ya kuma nuna shaidar aikin da ya yi a ƙarƙashin mai lasisi. Bayan haka akwai horo na musamman a kan kowane samfurin jirgi, kamar Boeing 737; horon yana da tsada, kuma sai da shi ne injiniya zai sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi.

A nan ne matsalar take, kuma ba laifin makaranta ba ne. Wuraren babban gyara sun yi ƙaranci a ƙasar; sai a 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala babban binciken da ake kira C-check a kan Boeing 737 a Legas, kuma har yanzu kamfanoni da dama suna fitar da jiragensu waje. Saboda haka ina ba duk mai sha'awa shawarar ya shiga, amma ya fara neman gurbin koyon aiki a kamfanonin Kano ko Kaduna ko Legas tun yana aji.