Sharhi kan taransifomar sauya ƙarfin wuta da na tafi da ita Amurka

Taransifomar da na saya a Birnin Kebbi gabanin tafiyata kwas a Amurka mai wat 500 ce, irin wadda take ɗaga ƙarfin wuta ko ta sauke shi, gwargwadon inda aka juya maɓallin da ke bayanta. Na saye ta ne domin wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, alhali kayanmu an ƙera su ne a kan bolt 230, ga shi kuma ina son tafiya da injin askina da ƙaramar bilendar markaɗa kayan miya.

Bilendar mai wat 300 ta yi aiki yadda ta saba, taransifomar kuma ba ta wuce ɗan ɗumi ba. A nan na gode wa mai shagon da ya hana ni ɗaukar ƙarama, yana cewa, "Malam, duk abin da ke da inji, lokacin tashi yakan fizgi wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa." Injin askin ne bai gamsar da ni ba. Ƙararsa ta canza, cinsa kuma ya ragu, saboda taransifoma bolt kawai take sauyawa, ba ta taɓa saurin bugun wutar, wanda namu 50Hz ne, nasu kuwa 60Hz.

Babban aibinta nauyi ne, domin ta cinye fiye da kilo uku a cikin kilo 23 da aka yarje wa jakata. Ba ta kuma iya ɗaukar dutsen guga ko butar lantarki, tunda waɗannan sukan haura wat 1,000. Idan aka jona butarmu kai tsaye a wutar bolt 120 ba za ta ƙone ba, amma kusan rubu'in zafinta kaɗai za ta bayar, don haka sayen wata a can ya fi sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake tallata wannan na'ura ga kowane matafiyi, har da maniyyata aikin Hajji da ke lissafin kowace naira ta guzirinsu. Cajar waya ko ta kwamfuta da aka rubuta wa 100-240V ba ta buƙatar komai sai adafta mai dacewa da soket. Saudiyya ta koma tsarin bolt 230 da soket mai baki uku irin namu, mai tsallakawa Nijar ta Kamba kuwa adafta mai zagayayyun ƙafafu biyu ta ishe shi.

Wanda zai daɗe a Amurka ko Kanada da wani kayan da ba ya iya rabuwa da shi, zan ce ya saye ta, ya haɗa da fis na ajiya. Wanda kuma zai yi amfani da ita a gida don kayan da aka aiko masa daga can, ya sani ba sitabilaiza ba ce: idan wutarmu ta yi sama fiye da kima, abin da take fitarwa ma sama zai yi.