Man hana santsi ko sanduna masu yashi: wanne ya fi wa dakalin katako a sanyin Ingila?

Hajiya, tambayarki ita ce: gidan da kuke haya a Manchester yana da dakalin katako a baya, tun shigowar Nuwamba ya yi santsi, ga yara suna fita, ga Mama ta zo ziyara. Shin a shafa masa man hana santsi, ko a kafa sandunan nan masu yashi, ko gishiri ya wadatar?

Kafin a zaɓa, a gane mai laifin. A yawancin ranakun sanyin Ingila ba ƙanƙara ce ke ka da mutum a kan katako ba, gansakuka ce. Ruwa ba ya yankewa, rana ba ta tashi sama sosai, a Disamba kafin ƙarfe 4 duhu ya fara, saboda haka katakon ba ya bushewa. Ganyen da ya zube ya ruɓe a kai, sai kore ya lulluɓe shi, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Duk abin da za ki saya, wanki ne farko. A share ganye, a bi tsagin da ke tsakanin katako da katako da wuƙar fenti a fitar da datti, domin ratar nan ta milimita 5 zuwa 8 ita ce hanyar ruwa. Sannan a zuba maganin wankin dakali a goge da buroshi mai tauri, ana bin tsawon katakon. In za a yi amfani da injin feshin ruwa, a nisanta bakinsa kamar santimita 30. In aka matso, yana tayar da gashin katako, gansakukar ta ƙara samun wurin kamawa.

Man hana santsi mai ne ko fenti da aka cakuɗa da ƙananan ƙwayoyi masu kaushi. Amfaninsa biyu: yana rufe dakalin gaba ɗaya, yana kuma rage ruwan da katako ke sha. Ba a huda komai, kuma wurin yana yin kyau. Lita ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 8 a shafa ɗaya, ana kuma yin shafa biyu, don haka dakali mai mita 3 da mita 4 zai ci kusan lita 3. Matsalarsa lokaci. Yana son busasshen katako, da ɗumin da ya kai digiri 10, da yini guda ba ruwa bayan an shafa. Ina za ki samu wannan a Manchester cikin Nuwamba? In aka shafa a kan jiƙaƙƙen katako, damshin yana maƙalewa a ƙasa, man ya ƙi shiga, ya yi danƙo, kafin bazara ya fara ɓantarewa. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗiga ruwa a busasshen wuri. In ya tsaya dunƙule bai shige ba, akwai tsohon mai a jiki, sabo ba zai kama ba sai an kankare. Kuma kaushin nasa yana cinyewa a inda ƙafa ta fi bi, sai an riƙa sabuntawa.

Sandunan kuwa na faiba ne, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, an manne musu yashi mai tauri a sama, faɗinsu yawanci milimita 50, ana ɗaure su da sukuru. Ba ruwansu da sanyi ko damshi, yau aka wanke gobe a kafa. Kaushinsu ya fi na mai nesa ba kusa ba, har in raɓa ta daskare da asuba takalmi yana samun abin kamawa. Ba sai an bi dukan dakalin ba. A sa ɗaya a bakin kowane mataki, sannan ɗaya a kowane katako a kan hanyar da ake bi daga ƙofar kicin zuwa lambu ko wurin bola. Sukurun ya zama na bakin ƙarfen da ba ya tsatsa, domin maganin da ake dafa katakon waje da shi yana ɗauke da tagulla, yana cin sukuru na gama-gari. Aibinsu: ba sa kare katako daga ruwa, suna goge gwiwar yaro in ya faɗi, ba daɗin takawa ba takalmi, kuma suna barin huda. Tunda haya kuke, a nemi yardar mai gida a rubuce kafin a huda, kar a zo a zaftare muku kuɗin ajiya.

Kar a ruɗe da tef mai gam, wanda ya yi kama da su kuma ya fi araha. A kan katako mai damshi gefensa ke ɗagawa, ya koma abin tuntuɓe. Ragar kaji da wasu ke bugawa ma tana tsatsa, ta tsinke ta soki ƙafa.

Gishiri ba ya cikin wannan takara. Ƙanƙara yake narkarwa, ba ya cire gansakuka, ƙarfinsa kuma yana raguwa sosai in sanyi ya wuce digiri 6 ko 7 ƙasa da sifili. Yana sa sukuru tsatsa, ruwansa ya gangara ya ƙone shuke-shuken gefe. A ajiye shi don hanyar siminti. A kan katako, safiyar da aka tashi da ƙanƙara, a watsa busasshen yashi kaɗan, a share in ta narke. Dusar ƙanƙara a kwashe ta da shebur na roba ana bin tsawon katako. Ruwan zafi kada a zuba, sake daskarewa yake yi ya fi na da santsi.

In ni ce, sanduna yanzu, mai kuma a bar shi sai ƙarshen Afrilu ko Mayu. Sai dai kafin a kafa, a soka sukudireba a katakon matakala da gindin ginshiƙan da ke kusa da ƙasa. In ta shige da sauƙi, ruɓa ce, sukuru ba zai riƙe ba, kuma gyaran na mai gida ne, a ɗauki hoto a tura masa.

Ranar da aka yi wankin, a ɗaga tukwanen fulawa a kan 'yan ƙafafu ko bulo, don gindinsu na tara ruwa ya ruɓar da katako, na yumɓu kuma suna tsagewa in suka daskare. A cire tiyo a zazzage shi, a rufe bawul ɗin famfon waje daga cikin gida, a buɗe famfon ya tsiyaye, saboda ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare, ya fasa bututu. Fitilar matakala kuma a samu mai batir ko ta lantarki wadda ke kamawa in ta ga motsi, domin mai aiki da hasken rana ba ta samun cajin kirki a Disamba.