Salon haruffan sitensil ɗin nan da na saya, kyau a ido amma ya kunyata ni a gaban Alhaji

Gaskiya da farko sai da na yi ta yabon salon haruffan nan na kwamfuta a shago, duk wanda ya shigo sai na juya masa kwamfuta ya gani. Ni aikina rubutun allunan shaguna da buga lamba a buhu da duro da bencinan makaranta, kuma na gaji da tsohon Stencil ɗin nan da ke zuwa cikin Word, wanda Gerry Powell ya zana tun 1937 a Amurka, mai kauri da ƙafafu, wato 'yan layukan da ke ƙarshen haruffa, kowa shi yake sawa har ka kasa bambance aikin wani da na wani. Wannan sabon kuwa dogo ne siriri ba ƙafafu, irin rubutun jikin kwantena da akwatunan kayan inji, kuma da yake matsattse ne dogon suna yana shiga faɗin buhu ba sai ka karya shi layi biyu ba. A manhajar zane ta CorelDraw ya zauna daram. A ranar da an tambaye ni tauraro biyar zan ba shi.

Sai aikin wata ƙungiyar manoman riɗi ya zo, buhunan da za a kai Dawanau. Kowane manomi da lambarsa, da ita ake gane buhun wane ne wajen awo da biyan kuɗi. To duk wanda ya san sitensil, wato abin da ake yanke haruffa a jikinsa a fesa fenti ta ramukan, ya san rayuwarsa gaba ɗaya tana kan 'yar gadar nan da ake bari ba a yanke ba, ita ke riƙe cikin O da A da D da R da su 0, 6, 8, 9. In ta tsinke cikin harafin ya faɗi, fenti ya cike ramin. Wanda ya zana wannan salon ya yi gadojin sirara kamar zaren ɗinki, saboda su yi kyau a fosta ina ga, kuma ɗaya tak ya sa wa kowane rami a maimakon biyu sama da ƙasa. Na yanka a fim ɗin eksire da muke amfani da shi kullum, wanda ya sha feshi a ayyuka da yawa bai taɓa ba ni matsala ba. Buhunan farko lafiya lau. Da fenti ya fara taruwa yana bushewa a jikin fim ɗin, ana ɗagawa ana mannawa a buhu mai kaushi, sai gadar 8 ta tafi, ta 6 ta lanƙwashe, 0 ma ya bi su, yarona yana ta feshi da sauri saboda mota na jira, kafin a ankara tulin buhuna sun fito da dunƙulen baƙi a inda lamba ya kamata ta kasance, 608 da 680 da 806 duk abu ɗaya.

Wallahi ranar na ji kunya. Shugaban ƙungiyar dattijo ne mai haƙuri, ya kira ni gefe ya ce, "Malam, yanzu wannan buhun na wa ne?" Na ce Alhaji ranka ya daɗe a ba ni zuwa dare. Haka muka kwana muna shafe lambobin da farin fenti muna sake bugawa da soso, da sabon sitensil da na faɗaɗa gadojinsa da hannuna ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin fenti daga aljihuna, direba ya ƙara kuɗin kwana, manoma biyu har sun fara sa-in-sa kan buhu uku. Abin da ya fi ci min rai, a tallan an rubuta wai an yi shi don aikin masana'anta ne, a yanka a fesa. Anya wanda ya zana shi ya taɓa riƙe gwangwanin feshi kuwa?

Kada in zalunce shi, a manyan rubutu yana da kyau sosai. Na sa an yanka min shi da injin leza a farantin ƙarfe, haruffa masu tsawon tafin hannu, na buga a ƙofar wani sito, ana karanta shi tun daga bakin titi. A riga da fosta ma ba laifi tunda can ba yanka ake yi ba.

Amma yanzu da nake rubutun nan wani takaicin ya dawo min. Babu Ƙ, babu Ɗ, babu Ɓ. In ka buga RIƊI sai akwatin banza ya fito a tsakiya, ƘUNGIYA ma haka, dole na zauna na zana ƙugiyoyin da kaina, ita Ɗ ɗin har da nemo inda gada za ta zauna ba ta karya ƙugiyar ba. Na tura wa masu sayarwa saƙo da hotunan buhunan, amsar da na samu wai in ƙara girman rubutun. Lambar buhu ina za ta ƙara girma? Da uku na yi niyyar ba su, tauraro biyu ne, kuma mai aikin buhu ko jarka dan Allah ya gwada 8 ɗin a kwali tukuna kafin ya biya.