Tankin motar tsere na FT3: kaya mai kyau, amma tsohon ajiya aka turo min

Gaskiya raina a ɓace yake da waɗanda suka sayar min da tankin nan, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne tankin kansa ba shi da laifi, su ne suka cinye min kusan shekara biyu daga kwanansa tun kafin ya iso hannuna.

Saboda waɗanda ba su shiga harkar ba, wannan ba irin tankin ƙarfen da mota ke fitowa da shi daga kamfani ba ne. Akwati ne na alminiyum, a cikinsa akwai jaka ta yadi mai ƙarfi da aka shafe da roba, kamar salka dai, in mota ta daku akwatin ya lotse sai jakar ta lanƙwasa ta bi shi ba tare da ta fashe ba. Cikin jakar kuma cike yake da soso mai ramuka, shi ke hana fetur kai da komo, kuma in wuta ta kama yana rage haɗarin tankin ya yi bindiga. Nawa mai lambar FT3-1999 ne, wato matakin ingancin tanki na FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, sama da shi akwai FT3.5 da FT5, amma mu da muke tsere don sha'awa FT3 ɗin ya wadatar a ajin da nake shiga.

To ga inda matsalar take. A dokar FIA jakar nan shekara 5 ce ke gare ta, kuma lissafin daga ranar da aka ƙera ta yake farawa, ba ruwansu da ranar da ka biya kuɗi ko ranar da ka fara zuba mata mai. Masu sayarwar kuwa a tallansu sabo fil suka rubuta, ko kusa ba su ambaci kwanan wata ba. Jakar ta zo a haɗe cikin akwatinta an ɗaure komai, muka ɗora a buti, makanikina ya yi aiki mai kyau, ya raba tankin da inda nake zama da faifan ƙarfe yadda doka ta ce, ya ja tiyo ya haɗa famfo da filta, ina ta murna. Ranar duba motoci kafin tsere mai duban ya sa aka kwance ɗan murfin da ake leƙa lambar jakar, ya haska, ya ɗago ya ce min Malam ka wuce, amma ka san shekara 3 da 'yan watanni suka rage maka ko? Wallahi na ɗauka wasa yake. Na leƙa da kaina, ga ranar ƙarewa nan ɓaro-ɓaro, wato kayan nan ya kusa shekara 2 yana kwance a sito, kuma kuɗin sabo na biya cif ba ragin ko sisi.

Na tura musu saƙo da hoton lambar, amsar da suka ba ni ita ce ta ƙarasa ni, wai ai ba a taɓa amfani da shi ba saboda haka sabo ne, kuma wai in wa'adin ya cika zan iya tura shi kamfanin da ya ƙera a ƙara min lokaci. Eh gaskiya ne ana ƙarawa, amma ba ya wuce shekara 2, kuma sai an kwance tankin daga mota an tsiyaye shi an tura, kamfanin ya duba in ya gamsu ya sake ba da shaida, duk a aljihuna, motar kuma tana zaune. Wannan ƙarin ai dama haƙƙina ne bayan shekara biyar ɗina, ba abin da za ku toshe ɓarnarku da shi ba ne. Na ce to ku canza min, suka ce tunda an zuba mai ba a maida shi. To da me zan gwada tanki in ba mai ba?

A kan hanya kam ba zan yi masa ƙarya ba, ya burge ni. Da tsohon tankina in mai ya yi ƙasa na shiga doguwar kwana sai man ya gudu gefe guda famfo ya ja iska, injin ya yi tari daidai lokacin da nake son taka shi. Wannan yana da ɗan ƙaramin rumbu a ciki inda mai ke taruwa famfo ya ja daga nan, tun da na saka shi injin bai sake yi min haka ba ko da mai ya yi ƙasa sosai. Akwai kuma bawul a bakin zuba mai da wajen fitar iska da ke rufewa in mota ta kife, Allah Ya sa kada in gwada shi. Masu cewa me ya sa ban sa an walda min akwatin alminiyum kawai na huta ba, ai irinsu sun cika kasuwa ana kiransu tankin tsere alhali babu jaka a ciki, bugu ɗaya walda ta tsage mai ya kwarara kan salansa mai zafi. A tseren Indianapolis na 1964 a Amurka gobarar mai ce ta tashi a haɗarin da ya kashe direbobi biyu, Eddie Sachs da Dave MacDonald, bayan nan ne aka matsa kan tanki mai jaka, ni ba zan koma baya don araha ba.

Sai dai ina cikin yabon nan abin ya sake dawo min, domin ba jakar kaɗai ke tsufa ba. Soson ma yana ruɓewa, musamman da fetur mai haɗin itanol, in ya fara sai ya riƙa marmashewa yana toshe filta, kuma na tambaye su wane irin soso ne a ciki, yana jure itanol ko ba ya jurewa, har yau shiru. Yanzu duk bayan tsere sai na kwance filta na duba ko akwai burbushi, kawo yanzu dai tsaf take.

Tankin zan iya sake sayen irinsa, amma ba a wurinsu ba, kuma duk wanda zai sayar min sai ya fara turo hoton lambar jakar da ranar ƙarewarta kafin ya ga kuɗina. Tauraro 2 na ba su, shi ma albarkacin wanda ya ƙera tankin suka ci.